Wasiƙa daga Jidda: A kare katanga tun ranar da ake gininta

Assalamu alaikum, 'yan uwana na gida.

Ina rubuto muku daga Jidda, inda na daɗe ina sana'ar fenti, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hotunan da aka turo mini na wata sabuwar makaranta a unguwarmu ta Kano, wadda ba ta cika wata uku da buɗewa ba, amma katangarta ta cika da sunayen 'yan takara da lambobin masu maganin gargajiya. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san kuɗin iyaye ne aka tara aka yi wannan fenti.

Kada ku zaci a nan ba a yi. Duk wanda ya hau Dutsen Rahama a Arfa ya ga yadda alhazai, har da namu, suke rubuta sunayensu a jikin farin ginshiƙin da ke samansa. Tun 2019 dokar Saudiyya ta kiyaye ɗa'a a wuraren jama'a ta sanya tara a kan rubutu a bango ba da izini ba, kuma ana kiran 940 a kai ƙara ga hukumar birni, sai dai tara ba ta hawa kan wanda ba a gani ba.

Akwai wata doguwar katanga fara mai santsi a wani lungu mai duhu, wadda sau uku ana kira na in shafe rubutun da samari suka fesa mata. A karo na huɗu na ce wa mai ginin ya daina zubar da kuɗinsa. Muka yi mata feshin siminti mai kaushi, wanda harafi ba ya fita sosai a kansa, muka dasa furanni masu ƙaya a gindinta yadda hannu ba zai kai ba, aka kafa fitilu biyu da kyamara. Gefen ƙofa kuwa tayil muka manna, domin tsumma da tina, wato ruwan narkar da fenti, sun isa su goge shi. Na bar wa mai gadi ragowar fenti, na ce duk abin da ya wayi gari ya gani ya shafe shi kafin azahar, saboda mai rubutu so yake a karanta, kuma rubutu ɗaya da ya kwana shi ke gayyato na biyu. Tun daga nan ba a sake kira na ba.

Maginanmu na Zariya da Kano sun riga mu sanin wannan, domin bangon da aka yi wa yaɓen makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, aka ƙawata shi da dagi bai bar wa mai rubutu fili ba, kuma ana jin nauyin ɓata shi.

Ina roƙon kwamitocin makarantu da masallatai su sa kuɗin fitila da shuka da yaɓe mai kaushi a cikin lissafin gini tun farko, su kuma keɓe allo guda a bakin titi domin masu talla da masu fasta.

Wassalam,
Ɗan uwanku a Jidda.