Ranar da aka yi mana bita kan ƙirƙirarriyar basira

Laraba, bayan sallar isha'i.

Yau kwalejinmu ta tara malaman sassa duka a babban ɗakin taro, aka yi mana bita kan amfani da ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin kwamfuta irin su ChatGPT masu amsa tambaya da yin rubutu kamar mutum, wajen koyarwa. Tun mai gabatarwa ba ta yi nisa ba, wani dattijon malami daga sashen Turanci ya miƙe ya ce, "Hajiya, ki ba mu manhajar da za ta riƙa kama mana yaran da inji ke yi wa aikin gida, mu huta." Ɗakin ya ɗauki tafi, don abin da ke cin ran kowa ke nan.

Amsarta ce ta tsaya mini a rai. Ta ce kamfanin OpenAI, wanda ya fito da ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, ya taɓa sakin irin wannan manhaja mai tantancewa, kuma da hannunsa ya janye ta a Yulin 2023 saboda yawan kuskurenta. A shekarar ce kuma masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gwada ire-irenta da rubutun waɗanda ba da Turanci aka haife su ba. Fiye da rabin rubuce-rubucen manhajojin suka ce na inji ne, alhali mutane ne suka zauna suka rubuta.

To ina ga namu yaran? Wanda ya tashi da Hausa ko Fulatanci, a aji ya tsinci Turancinsa, jimlolinsa gajeru, kalmominsa 'yan kaɗan, ai shi za a fara zalunta. Akwai a ajina waɗanda sai an kai akuya kasuwa kafin su biya kuɗin rajista. A kayar da irin wannan yaro bisa shaidar manhaja kaɗai, wallahi alhaki ne, kuma ba zan sa hannu a kai ba.

Bayan azahar aka raba mu rukuni-rukuni. Mu 'yan sashen Hausa muka nemi wata manhaja ta tsara mana darasin karin magana na aji ɗaya a ƙaramar sakandare. Nan take ta jero manufa, gabatarwa, matakai, har da auna fahimta, tsaf abin sha'awa. Sai malamar da ke gefena, wadda ta daɗe tana koyar da adabi, ta zare tabarau ta ɗora yatsa a kan allon kwamfutar. "Malam, wannan kuma a wane gari ake faɗar sa?" Karin magana ne mai daɗin ji, amma babu Bahaushen da ya taɓa furta shi. Littafin da aka ambata a ƙasa ma, da muka duba, babu shi. Ita ta gane ne don ta san fanninta. Sabon malamin da muke yayewa da takardar shaidar malanta ta NCE, wanda bai ƙoshi da karatun ba, haka zai kwafe shi a kan allo yara su haddace.

Shi ya sa nake ganin koyar da latsa manhaja shi ne mafi sauƙin aikin. UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2024 ta fitar da tsarin ƙwarewa 15 da take son malami ya mallaka a wannan fage, kuma bitar yini guda ba za ta ɗauke su ba. A 2023 ma ta ba da shawarar kada yaro ya yi amfani da waɗannan manhajoji a aji sai ya kai shekara 13, ga shi yawancin ɗalibanmu firamare za su je koyarwa. An kuma ja kunnenmu kada mu zuba sunayen ɗalibai da makinsu a ciki, domin dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kanmu.

Kafin in taho na sami shugaban sashenmu, muka tsayar da magana. Daga mako mai zuwa, duk wanda ya kawo aiki zai rubuta a ƙasa ko ya nemi taimakon manhaja da kuma inda ya nema, sannan ya tsaya gabana ya kare abin da ya rubuta da bakinsa. Ajin yana da yawa, zai ci mini lokaci sosai. Gobe in Allah ya kai mu zan kira shugaban aji mu raba su kashi-kashi.