Taswira, allura da zare: wata hanyar koyar da tarihin saikoloji

Yawancin littattafan koyarwa shekaru suke jerowa idan an zo tarihin ilimin halayyar ɗan Adam, ɗalibi ya haddace, ya juye a takardar jarrabawa, ya manta. Da an ɗora tarihin a kan taswira, tambayoyin sai su sauya: wa ya je ina, me ya ɗauko, kuma a kan su wa aka yi gwajin?

Kayan aikin ba su da tsada. Babbar taswirar duniya a manne kan kwali mai kauri, wata ta Turai ita kaɗai (in ba haka ba Jamus da maƙwabtanta za su cunkushe har ba a ganin komai), allurai masu kai, zare kala uku, da ƙananan katuna. Kowane kati ya ɗauki abu huɗu: gari, shekara, sunan mai binciken, da waɗanda aka yi gwajin a kansu. Wannan na huɗun ne ɗalibai ke tsallakewa, don haka kada malami ya karɓi kati sai da shi.

Allura ta farko Leipzig ce, a Jamus, inda Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa a 1879. Jan zare na waɗanda suka je karatu suka kai ilimin wani wuri ne. G. Stanley Hall, wanda ya yi karatu a wurin Wundt, ya koma Amurka ya buɗe ɗakin gwaji a Jami'ar Johns Hopkins a 1883. Hugo Münsterberg, ɗalibin Wundt, ya tafi Harvard, a can ya koyar da Narendra Nath Sengupta, wanda ya jagoranci sashen saikoloji na farko a Indiya a Jami'ar Kalkata a 1916. Zaren nan guda ya ratsa nahiya uku.

Baƙin zare na gudun hijira ne. A 1933 Max Wertheimer da Kurt Lewin suka bar Jamus saboda mulkin Nazi suka nufi Amurka, Sigmund Freud kuma ya bar Biyana, babban birnin Ostiriya, zuwa Landan a 1938. Ba sai malami ya yi dogon jawabi kan yadda cibiyar fannin ta koma Amurka ba, zarurruka suna nunawa.

Koren zare, na tafiye-tafiyen bincike, shi ya fi cancantar a ba shi lokaci. A 1931 da 1932 Alexander Luria ya bar Mosko zuwa ƙauyukan Uzbekistan. Yakan ce wa manoman da ba su yi makaranta ba: a can arewa mai nisa inda ƙanƙara take, duk beyar fara ce, wuri kaza yana can arewa, to, mene ne launin beyar ɗin wurin? Da yawansu suka ƙi amsawa, suka ce ba su taɓa zuwa ba, kuma ba sa shaidar abin da ba su gani ba. A jefa wa aji wannan ba tare da sharhi ba, a bar su su yi gardama: kasawar tunani ce, ko wata ƙa'ida ce ta faɗin gaskiya? A biyo da aikin John Gay da Michael Cole a Laberiya a shekarun 1960, inda manoman ƙabilar Kpelle suka fi Amurkawa masu ilimin boko iya kintacen yawan kofin shinkafar da ke cikin kwano.

Babbar matsalar hanyar nan ita ce wuraren da babu allura, domin ɗalibi zai ɗauka babu wanda ya taɓa tunani a can. A sa allura a Balkh, a Afganistan ta yau, domin Abu Zayd al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya kuma yi rubutu kan tsoro, baƙin ciki da waswasi a littafinsa Masalih al-Abdan wa al-Anfus. Amma a ba ta wata kala daban, don shi ba gwaji ya yi ba, kuma cakuɗa shi da masu gwaji zaluntar tarihi ne. A sa wata a Aro, Abeokuta, inda Thomas Adeoye Lambo ya fara zaunar da masu taɓin hankali a gidajen ƙauye tare da danginsu a 1954. Sai kuma sauyin sunaye: garin da masanin Rasha Ivan Pavlov ya yi aiki ya amsa sunan St. Petersburg, Petrograd da Leningrad duk a rayuwarsa, don haka sau da yawa za a ga ɗalibai sun soka allura uku a banza.

A makon ƙarshe, kowane rukuni ya ɗauko maƙala goma daga mujallar fannin, ya soka allura inda mutanen da aka gwada suke, ba inda marubucin yake ba. Sannan a gwada sakamakon da ƙididdigar Jeffrey Arnett ta 2008, wadda ta nuna kashi 96 cikin 100 na waɗanda aka gwada a manyan mujallu shida daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu suke, kashi 68 kuwa Amurkawa ne.