Naira dubu 30 da takardar da ban mallaka ba

Duk wanda ya san ɗinki ya san a watan azumi tela yake noman shekararsa. Daga goman farko kaya suke taruwa, shadda a kan shadda, har ka fara ba mutane haƙuri. A 2020 kuwa tun kafin a ga wata aka rufe mu a Daura. A farkon Afrilu wani likita a garin ya rasu, gwaji ya nuna korona ce, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa dokar kulle. Dama tun Agustan 2019 kan iyaka take a rufe, mutanenmu na Nijar da ke shigowa ta Kwangwalam da yadinsu sun ja baya. Ga shi an ce babu hawan Sallah. Wa zai ɗinka babbar riga ya zauna da ita a ɗaka?

Yara uku nake da su a shago, biyu a kan keke, ɗaya mai aikin wuyan riga. Ba almajiran koyo ba ne, ma'aikata ne, biyu ma da iyali. Muka koma ɗinka takunkumin fuska da ƙyallayen da suka rage, ana sayar da su a bakin titi. Kuɗin cefane ne kawai. Na sayar da keke ɗaya kafin Babbar Sallah.

A watan Satumba muka ji a rediyo gwamnatin tarayya ta ware Naira biliyan 75 don ƙananan sana'o'i, shirin da suka kira Survival Fund, ƙarƙashin kwamitin da ƙaramar ministar masana'antu da kasuwanci, Mariam Katagum, take jagoranta. Shirin kashi-kashi ne. Akwai na masu sana'ar hannu da direbobi, Naira dubu 30 sau ɗaya. Akwai na biyan albashin ma'aikata, dubu 30 zuwa 50 ga kowane mutum duk wata har wata uku, kuma kai tsaye asusun ma'aikacin kuɗin suke shiga, ba hannun maigida ba. Wannan na biyun shi na sa wa rai, domin da ya samu, yarana sun huta.

Na tafi shagon intanet da ƙarfin gwiwa. Yaron da ke kan kwamfuta ya ce, "Baba, ina takardar CAC ɗinka?" Na ce wace ce kuma haka? Ya ce rajistar sunan kasuwanci. Shekara 17 ina ɗinki, rabin unguwa da kayana suke zuwa Idi, amma a takarda babu shagona. Ya tambayi shaidar biyan albashi. Ni kuwa ranar Alhamis da yamma nake buɗe aljihu in ƙirga wa kowa nasa a hannu. Ya tambayi lambar BVN ta yaran, wato lambar tantance mai asusun banki. Ɗaya ba shi da asusu sam, ɗaya kuma sunan da ke bankinsa daban da na katinsa, an sa sunan kakansa a wuri guda, na mahaifinsa a ɗayan. Na fito jikina a sanyaye. Abin ya yi mini ciwo har yau, domin ba wanda ya zalunce ni. Kuɗin suna nan, ni ne ban da ƙofar da za su shigo ta ciki.

Wanda ya cece ni shi ne abin da na daɗe ina rainawa, wato ƙungiyarmu ta teloli. Na fi shekara biyu ban je taro ba, kuɗin wata ma sai an biyo ni. Tallafin masu sana'ar hannu kuwa ta hanyar ƙungiyoyi aka tattara sunaye. Na je gidan shugabanmu bayan la'asar ina jin nauyi. Ya ce, "Malam, ai ba yau ake neman ɗan'uwa ba, amma kawo lambarka." Ya rubuta sunana, bai karɓi ko sisi ba. Bayan dogon jira, wata safiya ina guga waya ta yi ƙara: dubu 30 cif. Na sayi zare, na gyara janareta, na raba wa yaran abin da ya saura. Ba su kai kuɗin keken da na sayar ba, amma sun buɗe shago na mako biyu, kuma na gode wa Allah.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan ɗaukar hankalin mutane a lokacin. Tun a watan Maris Babban Bankin Najeriya ya fito da rancen Naira biliyan 50 ga magidanta da ƙananan 'yan kasuwa, da ruwa kashi 5 cikin ɗari a farko. Rance ne, haka aka rubuta. Amma a majalisa da bakin masallaci sunansa "kuɗin korona", kowa yana cewa rabonka ne na arziƙin ƙasa, ba mai tambayarka. Wani ɗan-tsakani ya zo har shagona, ya ce in ba shi lambar BVN da layin wayata, in kuɗi suka fito ya ɗauki kasonsa. Gaskiya na yi kwaɗayi. Da dare na je wurin yayana, na gaya masa. Ya ce, "Kai ƙanena, ka karanta abin da za ka sa wa hannu?" Na ce a'a. Ya sa ɗansa ya karanta mana a waya, ya fassara. A ciki akwai yarjejeniyar cewa in ka ƙi biya, za a iya cire kuɗin daga duk wani asusu da ke ɗauke da BVN ɗinka, a kowane banki. Ga kuma maganar ruwa, wadda zuciyata ba ta kwanta da ita ba. Na haƙura.

Maƙwabcin shagona ya karɓa. Ɗan-tsakani ya yanki nasa, ya yi hidimar gida da saura. Bayan 'yan shekaru wani ya turo masa kuɗin kaya, kafin ya isa wurin mai POS an cire. Yana biyan har da kason da bai taɓa riƙewa ba, shi kuwa wancan mutumin ko wayarsa ba ta shiga. Ban taɓa yi masa dariya ba, domin tazarar da ke tsakanina da shi dare ɗaya ce.

A cikin shirin Survival Fund ɗin akwai rajistar CAC kyauta ga sana'o'i dubu 250. Ban samu shiga ba, na tara kuɗi na yi tawa daga baya, tana nan a firam sama da teburin yanka. Na sayi babban littafi, kowace riga da kuɗinta da ranar karɓa. Albashi ta banki nake turawa yanzu ko da dubu biyu ce, na kuma raka yaron nan aka daidaita masa sunansa. Taron ƙungiya ba ya wuce ni.

Mai aikin wuyan dai bai jira duk wannan ba. A ƙarshen 2020 ya zo ya durƙusa ya ce, "Maigida, ka yafe mini, zan tafi Kano in gwada tuƙin adaidaita." Ban da abin da zan riƙe shi da shi. Hannunsa a kan shadda babu irinsa a layinmu, kuma har yanzu aikin wuya sai dai in kai waje a yi mini.