Kano zuwa Jidda: abin da tafiya da Hajiya ta koya min

Tsakanin Kano da Jidda kilomita kusan 3,400 ne a miƙe. Kafin yaƙin Sudan, jirgin da bai tsaya ko'ina ba yakan cinye su cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar, ya ratsa Chadi da Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya, ka tashi a Afirka ka sauka a Asiya. Wannan lissafin na riƙe lokacin da zan raka mahaifiyata Umara, amma tikitin da kuɗinmu ya kai na jirgin da ke yada zango a Alƙahira ne.

Ta can hanyar ta koma kilomita wajen 4,300, kuma ba ƙarin nisan ne ya fi ba mu wuya ba, zaman jira ne. Hajiya na fama da ciwon gwiwa, ga filin jirgin da faɗi, ga sanyin na'ura. Da ta ce min, "Kai, wai har yanzu ba mu iso ba?" sai na ji kuɗin da muka rage bai kai wahalarta ba. Mai tafiya da tsoho ya nemi keken guragu tun wajen sayen tikiti, ya kuma duba awannin jira kafin farashi.

Sai batun salla, wanda ban taɓa jin wani ejan ya yi wa matafiyi bayaninsa ba. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, kuma mai nufar gabas rana saurin faɗuwa take yi masa. Wanda ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano da ƙarfe biyun rana, ko jirginsa bai tsaya ba, sai bayan Isha zai taka Jidda. Mu dai mun haɗa Azahar da La'asar kafin shiga jirgi. Haramina kuma a jakar hannu na sa shi, ba cikin kayan awo ba, domin ana wuce daidai miƙati tun ana sama.

Da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 sai aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka koma zagaye, awanni suka ƙaru, kuɗin kujera ma ya ji a jikinsa. Ƙasar nan ce kakanninmu suka ratsa a ƙafa da bisa jakuna, suna tsayawa noma da ƙwadago don neman guzuri, wasu su shekara da shekaru kafin su kai gaɓar teku a Sawakin. Da yawa ba su dawo ba. Jikokinsu na nan a garuruwa irin su Mai Wurno, suna jin Hausa har yau.

Da aka sauka Jidda ma akwai saura: layin jami'an shige da fice, jiran kaya, sannan fiye da awa ɗaya a mota zuwa Makka, cikin harami, ga gajiya.