Ranar da fostata ta tona mini asiri

Ƙannena da ke shekarar ƙarshe a jami'a, idan malamin da ke duba furojet ɗinku ya kira ɗayanku ofis ya ce ya miƙa sunansa domin baje kolin bincike, inda ɗalibi ke nuna aikinsa a kan babbar fosta, ku saurari yadda ni na yi wa kaina sakiyar da ba ruwa.

Aikina a kan ajiyar wake ne. Na kwatanta buhun da muka saba da shi da buhun PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka kama yaɗa shi a Afirka ta Yamma tun 2007. Leda biyu ne a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure bakinsa daban. Ƙwarin da ke cikin waken su ne ke shanye 'yar iskar oksijin da ta rage, sai su daina ci, su daina hayayyafa, su mutu ba tare da an zuba magani ba. Batun kuwa ba ƙarami ba ne. Najeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, Nijar na bin ta, kuma a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari na dichlorvos da aka samu a jikinsa. Wannan nauyin ne ya sa Malam ya zaɓi aikina, amma ni a lokacin na ɗauka ƙwaƙwalwata ce ta burge shi.

A tsangayarmu, kowane sashe 'yan sunaye kaɗan yake bayarwa, kuma malamai ne ke tsayar da ɗalibansu, ɗalibi ba ya tsayar da kansa. Wato sunan malamin yana rataye a jikin fostar tare da naka. Ban fahimci haka ba. Na ɗauki zaɓen tamkar kyauta ce da na riga na ci, na yi mako biyu ina ba abokai labari. Sau biyu Malam yana ce mini, "Ka kawo mini zanen in gani kafin ka buga." Ina amsawa da "To, Malam," ina zillewa, don na san jan bironsa. Babi na huɗu kaɗai sau uku ya mayar mini da shi.

Girman takardar da aka ce mu yi A0 ne, milimita 841 a faɗi, 1189 a tsawo. Da na ga wannan fili sai kwaɗayi ya kama ni. Na kwaso babi biyar na furojet na cusa su ciki, har da dogon sharhin ayyukan magabata da babu mai tsayawa ya karanta shi a tsaye. Rubutun ya koma kamar sahun tururuwa. Fosta kuwa daga nisan taku biyu ko uku ake fara karanta ta, mutum yana tafe, kuma idan kanun bai tsayar da shi ba ya wuce ke nan. Sannan na yi zanen a PowerPoint ban saita girman shafin ba tun farko, hotunan kuma waɗanda abokina ya turo mini ta WhatsApp ne, alhali manhajar tana matse hoto. A waya sun fito tas. Da mai shagon ya buga su a fileks, ana gobe taro da daddare, sai waken ya zama kamar tsakuwa a cikin hazo. Babu kuɗin sake bugawa, babu lokaci.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da na yi da kanun. Kuɗina buhu biyu-biyu suka iya saya, kuma wata uku kacal na bi su. A cikin furojet, Malam ya tilasta mini na rubuta wannan ƙarara a babi na biyar, na ce sakamakon manuniya ce kawai, yana buƙatar a maimaita da buhuna masu yawa. A fosta sai na cire wannan sakin layin, wai yana rage wa aikin kwarjini, na rubuta da manyan baƙaƙe cewa buhun ya kawo ƙarshen ƙwarin wake.

Cikin alƙalan akwai wata dattijuwar farfesa. Ta gyara tabarau, ta karanta kanun, ba ta ko kalli sauran ba.

"Ɗana, buhu nawa ka gwada?"

"Biyu-biyu, ranki ya daɗe."

"To ai a buhunka biyu ya kawo ƙarshensu, cikin wata uku. Malaminka ya ga wannan kafin a buga?"

Malam yana tsaye a bayanta. Bai ce uffan ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Abin haushin shi ne ba ta raina ƙanƙantar aikin ba. Alƙalai sun san aljihun ɗalibi. Da na rubuta iyakar abin da na gwada, da hira za mu yi a kan yadda za a faɗaɗa shi. Ku bar wannan sakin layin a fostarku, a inda ido zai gan shi.

Can da rana wani dattijo mai kula da furannin harabar ya tsaya. Shi ma yana noma wake a ƙauyensu. Ya ce, "Yaro, in na buɗe na ɗebi na tuwo, shi ke nan ya lalace?" Na buɗe baki sai Turancin da na haddace ya yi ta zubowa. Ya gyaɗa kai cikin ladabi ya tafi. Amsar kuwa na san ta: ya ɗiba da sauri, ya matse iskar ya sake ɗaurewa tam, ya tabbata waken ya bushe sosai kafin a zuba, ya ɗora buhun a kan katako nesa da ɓera, domin huda ɗaya a leda ta isa ta ɓata komai. Ban taɓa gwada faɗin aikina da Hausa ba, shi ya sa. Kafin ranar taro, ku zaunar da innarku ko mai shayin bakin ƙofa ku yi musu bayanin aikinku cikin minti biyu. Duk inda suka yamutsa fuska, nan ne ku ma ba ku gama ganewa ba.

Wadda ke kusa da ni, 'yar sashen nazarin ƙananan halittu, tambaya ɗaya ta rubuta a sama, zanen ƙididdiga ɗaya babba a tsakiya, sai 'yan layuka a ƙasa, ga kwalaben ruwan rijiyoyin da ta gwada a kan teburi. Mutane sun yi ta cincirindo a wurinta. Ni kuwa ina da wake iri biyu a ɗaki, ɗaya duk huji da gari, ɗaya sumul. Kwalba biyu da na kawo da sun yi mini aikin da babi biyar suka kasa.

A fostar kuma na manta da rubuta sunan ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje da ya koya mini ƙirga ƙwayoyin da suka huje, ya riƙa buɗe mini ɗakin har ranar Asabar. Ya zo, ya duba ƙasan fostar inda ake godiya, ya yi murmushi ya ce aiki ya yi kyau.

Bayan kwana biyu na je na ba Malam haƙuri. Ya ciro jan bironsa, ya sa na shimfiɗa fostar a ƙasan ofis, muka bi ta layi-layi, ko da yake taro ya riga ya wuce. Abin da ya bari bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Fileks ɗin yana gidanmu har yanzu, Inna tana shanya wake a kansa.