Godiya bayan iska ta ɗauke mana rufin majami'a

Salama a gare ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Ranar Lahadin da ta wuce muka koma yin sujada a cikin majami'a, bayan mako bakwai muna yi a gindin itatuwan bedi na haraba. Ga 'yan'uwa na nesa da ba su ji labari ba: iskar da ta zo gaban ruwa a farkon watan Yuni, da dare, ta kama rufin daga kusurwar gabas, ta nannaɗe shi kamar tabarma, ta watsa kwanon a gidajen maƙwabta. Ba kowa a ciki. Da ta zo awa uku kafin lokacin, da ta tarar da mawaƙa suna koyon waƙar Lahadi. Saboda haka godiyarmu ta fari ga Allah take, wanda ya tsare rai ya bar mu da asarar kwano da katako kawai.

Sai maƙwabtanmu, waɗanda yawancinsu Musulmi ne. Kafin gari ya gama wayewa, bayan sallar asuba, samarin unguwa sun fara jawo fallayen kwano daga lungu suna jerawa a bakin ƙofarmu. Baba mai unguwa ya aika gida-gida cewa duk wanda kwano ya faɗa masa ya fito da shi, kuma ko falle ɗaya bai ɓata ba. Malam liman ya tako da ƙafarsa ya yi mana jaje. Akwai gidan da kwanonmu ya rushe musu katangar turken awaki. Maigidan ya ƙi karɓar ko kwabo, sai da dattawa suka matsa ya yarda maginanmu su ɗora masa bulo. Baba, mun gode da haƙuri. Allah ya bar zumunci.

Matasan ikilisiya sun yi aikin ranar farko yadda ya kamata, kuma muna so a rubuta tsarin domin wata ikilisiyar da abin zai iya samu. Ba wanda ya shiga sai da mai gyaran wuta ya cire layin daga mita, domin wayoyi sun tsinke suna kwance cikin ruwa. Bayan haka aka fitar da abin da ruwa ke kashewa nan take, wato na'urar sauti da lasifikoki, ba a kuma kunna su ba sai da suka yi kwana huɗu suna shan iska. Wanda ya yi gaggawar gwadawa, shi ke ƙona su. Bencina aka jingine a tsaye a inuwa, saboda katakon da ya jiƙe in ya sha rana kai tsaye yakan kantare. Tsohon kwanon kuma aka kasa shi uku: mai lafiya, wanda za a iya miƙarwa da guduma a rufa ɗakin ajiya da banɗaki, da wanda ya yage sai dai 'yan gwangwan. Saurayi ɗaya kwano ya yanke shi a tafin hannu. 'Yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya ta wanke ciwon, ta kuma tsaya kai da fata sai an kai shi an yi masa allurar tetanus a ranar. Daga nan ba wanda ya sake taɓa kwano ba safar hannu.

Malaman makarantar Lahadi su suka ɗauki littattafai. Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi da suka jiƙe ba a shanya su a rana, takardar takan tattare, bangon ya ɓalle. Sun tsayar da kowanne a buɗe a kan tabarma cikin inuwa, suna sa tsohuwar jarida a tsakanin shafuka, suna canjawa safe da yamma, sa'an nan da ya kusa bushewa su danne shi da bulo. A cikinsu akwai na wata kakarmu, tsohuwar fassarar nan ta 1932, gefen shafukan duk ya yi baƙi saboda yatsa. Wata malama ta zauna da shi kwana uku tana raba shafi da shafi da bakin cokali, don kada ya yage. Ranar da aka mayar wa Kaka da abinta, ta rungume shi a ƙirji, ta daɗe ba ta ce komai ba. Malama, Allah ya saka.

Yanzu ga abin da ya jawo ɓarnar, kuma nan muke roƙon ku karanta da natsuwa. Da Baba kafinta ya hau kan bango ya duba, ya kira dattawa ya nuna mana da yatsa. Katakon da ke kwance a kan bango, wanda dukan rufin ke zaune a kansa, ƙusa ce kawai ta riƙe shi cikin bulo. Ba linta a saman bangon, ba rodi, ba langa-langa. Ƙarshen katakai guda biyar a gefen gabas gara ta cinye cikinsu, waje lafiya lau, amma in ka sa ɗan yatsa sai ya nutse. Tagogi biyu na wannan gefen gilasansu sun fashe tun bara ba a gyara ba. Hadarin Katsina kuwa daga gabas yake tasowa, da iska a gaba. Iskar ta shiga ta tagogin, ta cika ɗakin, ta tura rufin daga ciki, ta waje kuma tana jan sa sama. Nauyin kwano ba ya hana wannan. Abin da ke hanawa shi ne ɗaurin da ke tsakanin rufi da bango, kuma shi ne babu.

Ba mu ɗora wa waɗanda suka gina majami'ar laifi ba. Sun yi da abin da ke hannunsu, kuma rufin ya yi mana hidima shekaru masu yawa. Laifin duba namu ne. Kowace shekara kafin Kirsimeti muna shafa fenti, muna sayen labule, amma ba mu taɓa sa tsani mun leƙa saman silin ba. Ubangiji ya yi maganar mutum biyu da suka gina gida, a ƙarshen sura 7 ta Matiyu. Ruwa ɗaya ne ya sauko musu, iska ɗaya ta buga su, bambancin yana wurin da ido ba ya gani. Mun sha yin wa'azi a kan wannan, sai bana muka tsaya a ƙarƙashin sararin sama muka gan shi da katako da ƙusa. Haka yake ga aure, haka yake ga addu'ar gida. Akwai iyalai a cikinmu da ke zuwa sujada fes, amma an yi wata da watanni ba a buɗe Littafi tare a gida ba. Muna faɗa da ƙauna, kuma da kanmu muka fara.

Ga maginanmu da kafintoci, godiya ta musamman. Majami'ar ƙafa 60 ce a tsawo, 30 a faɗi. Sun ƙi ɗora sabon rufi a kan tsohon bango haka nan, ko da yake wasunmu sun ƙosa saboda damina. Sai da suka zuba linta ta zagaye saman bangon duka: rodi huɗu mai lamba 12 a jere, da zobba a kowane inci tara, kwaɓin kuma buhun siminti ɗaya ga kwanon sarki huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Ya ci buhu 18. Tun kafin kankaren ya kama suka dasa guntayen rodi a tsaye a duk inda katakon rufi zai zauna, domin a lanƙwasa su a kansa daga baya. Aka yi kwana bakwai ana ba lintar ruwa safe da yamma. Yaran da suka yi ta jigilar jarka a baro saboda wannan, mun gan ku. Kankaren da bai sha ruwa ba yakan tsattsage, ya saki rodin da aka dasa masa, a koma gidan jiya.

Katako kuwa, Baba kafinta ya je 'yan katako da kansa, yana ɗaga kowanne yana duban tsawonsa da ido ɗaya, yana mayar da mai lanƙwasa da ɗanye. Ɗanyen katako yakan bushe a sama ya ja jiki, ƙusa ta yi sako-sako. Tu-bai-sikis, wato mai kaurin inci biyu da faɗin inci shida, aka sa a manyan katakan, tu-bai-fo a tokare, tu-bai-tiri a waɗanda kwano ke kwanciya a kai. An shafe su duka da baƙin mai haɗe da maganin gara tun suna ƙasa, musamman bakin da zarto ya yanka, don ta nan gara ke shiga. Turakun rufin guda 16 ne, tazarar ƙafa huɗu-huɗu, kowanne an lanƙwasa masa rodi ta gefe biyu, an ƙara da langa-langa.

Kwano bandir 12 aka saya, falle 20 a kowane bandir, kuma an zaɓi mai kauri duk da tsadarsa, domin marar kauri ƙusa ke yaga shi. Daga yamma aka fara jerawa zuwa gabas, yadda bakin kowane falle zai juya wa iskar gabas baya. Gefe da gefe an hau tudu biyu, sama da ƙasa inci shida. Ƙusa mai hula aka buga, a kan tudun kwanon, ba a cikin kwarinsa inda ruwa ke bi ba. A layin baki da na kusurwa kuwa kowane tudu sai da ya sami tasa, tun da nan iska ke fara kamawa. A ƙarshe aka ɗaga rawani a gefen gabas, bulo uku, irin dabarar da magina Katsina suka daɗe suna yi wa soraye, da indararo huɗu. Rawani na kare bakin kwano, amma yana da sharaɗi: in ganyen bedi ya toshe indararo, ruwa zai taru ya dawo cikin ɗaki. Dole a riƙa sharewa.

Ba wanda ya faɗo a duk aikin, kuma ba sa'a ba ce kawai. Baba kafinta ya kafa doka: da an ga hadari ya haɗo, ko an yi la'asar, kowa ya sauko, ba hawa jiƙaƙƙen kwano, in za ka taka, taka layin ƙusa.

Iyayenmu na Zumuntar Mata, me za mu ce? Kunu da ƙosai da safe, da rana shinkafa tiya uku da wake tiya ɗaya da rabi, ga mutum wajen talatin, kwana bayan kwana, ba a taɓa cire kuɗin daga asusun gini ba. Sun raba kansu rukuni huɗu don kada nauyin ya faɗa wa gida ɗaya. Lebura Musulmi da ke cikin aikin tare aka ci da su a faranti ɗaya, in lokacin salla ya yi kuma akwai buta da tabarma a ajiye dominsu.

'Yan'uwanmu na ƙauyukan Malumfashi da Ƙafur da Bakori sun ba da abin da ya fi kuɗi tsada. Lokacin shuka da noman fari ne, kwana ɗaya a gona yana da daraja, amma suka bar gero da dawa suka hau mota suka zo. Wata ƙaramar ikilisiya da ita kanta a rumfar kara take sujada ta aiko da buhun masara. Mun karɓa da kunya da kuma farin ciki. Ikilisiyoyin cikin gari, na ɗarikarmu da waɗanda ba namu ba, sun ara mana tampol da kujeru, wasu suka yi baiko na musamman. Nehemiya sura 3 jerin sunaye ne kawai, wane ya gyara daga nan zuwa can, na kusa da shi ya ɗora. Da yawa kan tsallake ta in suna karatu. Mu dai bana mun karanta ta har ƙarshe, kowa na tuna wanda ya tsaya kusa da shi. Ba mu jera sunaye a nan ba saboda da yawa sun roƙa kada a ambace su.

Game da kuɗi: ma'aji da dattawa biyu ne suka riƙe, fasto bai taɓa ko naira ba, haka kuma ya kamata. Ba a sayi komai ba sai mutum biyu sun je tare sun dawo da rasit. Za a karanta lissafin shiga da fita bayan sujada ranar Lahadi mai zuwa, littafin kuma yana ofishin ikilisiya ga duk mai son dubawa.

Makonni bakwai na gindin bedi ba za mu manta da su ba. Ba lasifika, sai kowa ya matso kusa. Tsofaffi suka ce sun fi jin wa'azi a haka. Sau biyu ruwa ya kore mu tsakiyar waƙa, muka ƙarasa a baranda a cunkushe, yara a kan cinyar duk wanda suka samu. Mutanen da shekara da shekaru benci daban-daban suke zama sun san sunan juna. Muna roƙo kada wannan ya tsaya a waje yanzu da muka koma ciki.

Aiki bai ƙare ba. Silin bai hau ba, kuma da gangan ne: za mu bar katakon a buɗe har damina ta wuce, don a ga inda ke ɗiga, musamman a ruwan Agusta. In za a sa, za a bar ƙofar leƙawa a kusurwa biyu. Wayoyin wuta za a sake jan su cikin bututun roba. Dattawa sun kuma tsayar cewa kowace shekara a watan Afrilu, kafin hadarin fari, mutum uku za su hau da tocila da sukundireba su soki ƙarshen kowane katako, su duba rodi da ƙusa da indararo, su kawo rahoto a rubuce. Duk ikilisiya ko maƙwabcin da ke son a duba masa rufi, Baba kafinta ya ce a yi masa magana ta ofishinmu, ba zai karɓi kuɗin dubawa ba.

Sujadar godiya za ta kasance Lahadi ta biyu daga yau, ƙarfe tara na safe. Bayan an tashi dattawa za su bi gidajen maƙwabta da ƙafa su yi godiya baki da baki, za a fara da gidan Baba mai unguwa.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.

Fasto da dattawan ikilisiya,
Katsina.