Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: "Yaya, ai wayar suka zo nema"

Makon jiya na tsaya a daren da aka yi wa ƙanwata ƙwacen waya a unguwar Ɗorayi da ke Kano, tana dawowa daga Islamiyyar dare. Bayan an ɗinke mata hannu, kwana uku ban buɗe shagona na kasuwar waya ta Farm Centre ba. Ina ɗaki da tsohuwar kwamfutata ina haɗa manhaja: ƙaton jan maɓalli a tsakiya, kana dannawa saƙo ya tafi wa mutum uku da wurin da kake. A raina na gama aiki.

Na kai mata ta gwada. Ta juya wayar da hannun da ba bandeji, ta ce, "Yaya, yaushe zan danna? Ai wayar suka zo nema. In ka fito da ita a lungu da daddare, haskenta ma ya isa ya kira su."

Wallahi kunya ta kama ni. Ni da nake zaune a kasuwar waya, na fi kowa sanin abin da ɓarawo ke fara yi: ya kashe waya, ya zare layi.

Sai na rushe komai. Yanzu kafin mutum ya fito zai faɗa wa manhajar inda za shi da minti nawa tafiyar, ya jefa waya aljihu ko ƙasan hijabi, ya manta da ita. Ƙidayar lokacin ba a cikin wayar take ba, a can intanet na ajiye ta. Ko an kashe waya, in lokaci ya cika bai shigar da lambar sirrinsa ba, saƙo zai fita. Masu tashi aiki a makare su na fi tunawa, domin tun Yulin 2022 da aka hana adaidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare, da yawa sai a ƙafa.

Inda na sha wuya shi ne saƙon kansa. Umma 'yar ƙaramar Nokia gare ta, taswirar Google ba ta buɗuwa, kuma ko ta buɗe, lungunanmu da kwatance aka san su: bayan masallacin Juma'a, daura da mai shayi. Dole na koma saƙon tes, mutum ya rubuta kwatancen hanyarsa tun a gida, a ƙasa kuma lambar gaggawa 112. Nan na gano wani abin haushi. Tes ɗaya na ɗaukar harafi 160, amma da ka sa ƙ ko ɗ sai ya koma 70, kuɗi ya ninka. Haka na zauna ina cire lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, raina ba daɗi.

Gwajin farko ranar Alhamis ne. Ƙanwata ta sa minti 20, ta tsaya hira a gidan ƙawarta, ta manta. Kafin na iso gida Umma ta tashi Kawu da maƙwabta biyu, sun fita da fitila da gora. Suka tarar da ita a soro tana cin gyaɗa.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya miƙo mini wayarsa kawai, ya ce, "Sa wa 'yata ita ma, amma ka sa ta riƙa yin ƙara kafin lokacin ya cika."